Laifi Tudu Ne: Mu da Kamaru a kan Kogin Binuwai

Kusan kowace shekara, da zarar damina ta yi nisa, sai mu ji shela a rediyo cewa Kamaru za ta saki ruwa daga madatsar Lagdo, mazauna bakin Binuwai su kwashe nasu ya nasu su hau tudu. Daga nan sai ƙorafi ya ɓarke a ɗakunan kwananmu da ofisoshin gwamnati, kowa yana cewa maƙwabta sun cuce mu. Da ruwa ya janye sai maganar ta bi shi, ba a sake tada ita sai baɗi. Mu a ganinmu wannan ba halin masu ilmi ba ne.

Binuwai dai daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru ya taso. Ya ratsa Garwa, ya shigo Nijeriya ta Yola da Numan da Makurdi, sa'an nan ya haɗu da Kwara a Lakwaja. An gama madatsar Lagdo a 1982 domin wutar lantarki da noman rani. In tafkin ya cika maƙil, tilas a buɗe ƙofofinsa, don in madatsar ta fashe, mutanen Garwa ne farkon halaka, na Yola su biyo baya.

Ba mu raina ɓarnar ba. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni. A ta 2022 mamatan sun haura 600. Amma gaskiya ɗaya ce: ba duk ruwan nan ne ya fito daga Lagdo ba. Kogunan Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasa da madatsar suke zuba wa Binuwai ruwa. Bugu da ƙari, tun shekarun 1980 ake zancen gina madatsa a Dasin Hausa ta jihar Adamawa don ta riƙa tare ruwan da aka sako, amma shekaru arba'in suka shuɗe tana kan takarda. Wannan kam ba laifin Kamaru ba ne.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna gaba da wasu a kan ruwa. Da muka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, alhali kogin Komadugu Yobe da ruwan ke gangarawa cikinsa namu ne tare da mutanen Diffa ta Nijar. Wanda ke kukan an sako masa ruwa, ya tuna akwai mai kukan an tare masa.

Wurin zama a sasanta kuwa akwai shi. Hukumar Kogin Kwara, wadda aka kafa a 1964, aka sabunta ta a 1980, tana da mazauni a Yamai, kuma Nijeriya da Kamaru duk suna cikin ƙasashe 9 da ke cikinta. A 2008 shugabannin suka amince da yarjejeniyar ruwa wadda ta wajabta sanar da juna da raba amfani bisa adalci. Abin da ya rage shi ne aiki da ita.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin biyu. A kafa ma'aunan ruwa tun daga tsaunuka har Lakwaja, a riƙa musayar alƙalumansu kullum. A tsara sakin ruwan Lagdo tare, kaɗan-kaɗan tun farkon damina, maimakon sanarwar 'yan kwanaki. Mu kuma a nan gida a gina Dasin Hausa, a daina ba da filin gini a hanyar ruwa.

Ya 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, gobe takardun nan a teburanmu za su sauka. Mu koyi ilmin ruwa, mu koyi Faransanci, don mu iya zama da takwarorinmu na Garwa ba tare da tafinta ba. Kafin Turawa su ja iyaka, Yola da Garwa ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ɗaya suke, kogin kuwa har yau ɗaya ne. Allah ya sa mu gane, amin.