Kusurwar Karatu: Takobi, Aljanu da Hanyar Makarfi

Jarrabawa ta ƙare, dogon hutu ya zo, kuma mun san yawancinku a Ikara da Makarfi da Kudan gona za ta cinye muku safiya. Amma bayan la'asar fa? Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta rubuto mana tana kuka cewa littattafan soyayya sun gundure ta, tana neman labarin da zai sa gabanta faɗuwa. To, ga amsarmu gare ta da ire-irenta.

Mun fara da Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Gandoki mayaƙi ne mai cika baki, ya fafata da Turawa lokacin da suke cin ƙasar Hausa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi gumurzun ƙarshe a 1903. Har nan tarihi ne da za ku iya tambayar malaminku a kai. Daga nan sai littafin ya juya: Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa ƙasashen aljanu, sara da suka ba hutawa. Da ya dawo gida sai ya tarar duniya ta sauya, ga jirgin ƙasa, ga makarantun boko. Muna ganin wannan dawowar ta fi duk yaƙe-yaƙen daɗi, domin jarumin da ya kori rundunar aljanu ya tsaya yana kallon zamanin da takobinsa ba zai iya sara ba.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Shi ma ɗan gasar nan ne. Babu aljani ko ɗaya a cikinsa, amma ya fi sauran ban tsoro, saboda abin da ke ciki ya faru ga mutane na gaske. An sace yaro ƙarami a zamanin cinikin bayi, aka bi da shi Kano, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Ku buɗe ido sosai idan kuna karantawa: za ku ci karo da Fatika da Makarfi a cikin labarin. E, Makarfin nan taku ta rake da mazarƙwaila. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara bin wannan hanya da ido ɗaya ba. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, amma mu dai shawararmu a fara da littafin.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, da yawanku kun taɓa shi a aji, sai dai karatun jarrabawa daban, karatun nishaɗi daban. Ku sake ɗaukarsa ba tare da tunanin tambaya ta ɗaya da ta biyu ba, ku bi Alhaji Imam yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta. Dariya za ta fi tsoro yawa.

Ga masu son jarumta zalla, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Abin mamaki, asalin labarin daga Rasha yake, tatsuniyar wani gwarzo ce da ya tashi gurgu sannan ya sami ƙarfi. Ingawa ya sa masa rigar Hausa har ba ka gane baƙo ne. Ba za mu faɗa muku ƙarshensa ba.

Mun san akwai iyayen da ke cewa labarin aljanu ƙarya ce mai ɓata lokaci, kuma ba mu raina damuwarsu ba. Wasu littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwa babu komai cikinsu sai jini da tsafi shafi bayan shafi, ka gama ba ka ƙaru da kalma ɗaya ba. Waɗannan huɗun ba haka suke ba. Hausarsu tsantsa ce, cike da karin magana da kirari, irin wadda mai gyaran takardar NECO ke murna ya gani. Abu ɗaya muke roƙo: ku riƙa raba tarihi da ƙirƙira. Burmi gaskiya ce, Attahiru gaskiya ne, amma kada wani ya rubuta mana a takardar tarihi cewa Gandoki ya ci garin aljanu.

Kamfanin NNPC na Zariya ne ya daɗe yana buga su, kuma dukkansu sirara ne, kowanne ba zai wuce kwana biyu zuwa uku a hannunku ba. Idan babu a ɗakin karatun makarantarku, ku tambayi malamin Hausa, ko ku haɗa kuɗi ku huɗu, wanda zai shiga Zariya ya sayo, kowa ya karanta ya miƙa wa na gaba. Wanda ya gama Shaihu Umar ya rubuto mana: da shi ne a matsayin uwar Umar, zai bi sawun ɗan ko zai zauna jira? Za mu buga amsoshi uku mako na sama.