DAGA BAKIN KASUWA: Wanda ya sayi doki, ya tanadi linzami



A makon jiya na leƙa wata lakkwal da ke bayan unguwarmu, nan Damagaram, don in gaisa da mushen da ke koyar da jikana. Cikin aji na tarar da yara sun cushe huɗu-huɗu a kan bencin da aka yi wa mutum biyu, wasu kuma suna zaune a ƙasa bisa buhu. A bayan ajin ga tarin teburan da suka kwance, an jingine su kamar itacen girki. Na ɗaga ƙafar wani tebur na duba. Katakon lafiyarsa lau, gara ba ta taɓa shi ba, bai kuma tsage ba. Mahaɗar ce ta saki, domin ƙusa uku aka buga aka shafa fenti, aka kai aka karɓi kuɗi. Wannan tari shi ya sa yau zan yi magana a kan wani ɗan inji na kafintoci, da kuma tarkacen da ke bin sa, waɗanda mai saye ba ya tunawa da su sai ranar da aiki ya tsaya.

Tun zamanin da, kafinta na gari yana haɗa katako biyu ne da mace da namiji. Ya fafe rami a jikin ɗaya da kurfi da guduma, ya sassaƙa harshe a bakin ɗayan, ya shafa gam ya cusa. Haɗi ne mai ƙarko, sai dai yana cin lokaci, kuma yaron shago yakan shekara bai iya shi ba. Saboda haka aka fito da wata dabara: a fafe rami a duka katakan biyu, sannan a kawo wani guntun itace daban a sa tsakani, rabinsa nan, rabinsa can. Mu kira shi harshen aro. Wani kafinta a ƙasar Suwis, Hermann Steiner, ya fito da irin wannan da faifan itace siriri a wajajen 1955, kamfaninsa na Lamello kuma yana nan har yau. Amma injin da ya ɗaukaka sunan harshen aro a duniya shi ne Domino na kamfanin Festool da ke Jamus, wanda ya shigo kasuwa a 2006. Haƙorinsa yana juyawa yana kuma lilo hagu da dama, sai mai aiki ya tura, kafin ƙiftawar ido rami ya fito, mai tsawo, mai zagayayyen gefe. Ƙaramin, DF 500, yana ɗaukar haƙora daga milimita 4 zuwa 10, zurfinsa ya kai milimita 28, ya dace da kujera, tebur da kabad. Babban, DF 700, yana ɗaukar 8 zuwa 14, yana nutsawa har milimita 70, shi ne na ƙofa da gado.

Kuɗinsa ba na wasa ba ne. A Turai ƙaramin yana kai Yuro dubu ko fiye, Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, wato maganar jaka 650 zuwa sama ake yi tun ba a biya jirgi da duwan ba. Shi ya sa ba a cika ganinsa a shagunanmu ba. Wanda na gani da idona, wani ɗan aminina ne da ke neman kuɗi a Beljiyam ya aiko wa ƙanensa kafinta, na hannu, tare da haƙori ɗaya da ɗan ƙunshin harsuna. Wata biyu yaron nan yana fitar da kujerun da in ka zauna ba ka jin motsi. Ran nan haƙorin ya ci karo da tsohuwar ƙusa a cikin katakon da aka ɓalle daga akwatin kaya, bakinsa ya ɓalgace. Yaron ya zagaye Kasuwar Dole bai samu ba, ya yi aike Kano, aka duba Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, aka dawo masa da kuɗinsa. Inji ya koma cikin akwatinsa, shi kuma ya koma ga ƙusa. Injin ba shi da laifi ko kaɗan. An kawo doki ne ba a kawo linzami ba.

To, a ƙasashen da injin ya yi yawa, wata kasuwa guda ta tsiro a gefensa, ta ƙananan kamfanoni da ba su ƙera injin ba amma suna ƙera abin da ke sa shi aiki. Kamfanin CMT na Italiya yana yin haƙoran da ke shiga bakinsa. A Amurka, Seneca Woodworking yana yin wani farantin ƙarfe mai suna Domiplate, wanda ake ɗaure wa injin don ramin ya riƙa faɗawa wuri ɗaya a kaurin katako, ba sai an riƙa saita ma'auni ba. Woodpeckers da TSO suna yin gindi da madogarai da ke hana injin karkata. Akwai kuma masu yanka harsunan kansu su sayar a buhu. Wasu daga cikin waɗannan ƴan kamfanoni sun fara ne daga ɗan shagon da bai fi garejin gyaran mota girma ba. Abin da suka gane shi ne, inji ana sayensa sau ɗaya, haƙori da harshe kuwa kullum ana bukatarsu.

A nan ne nake so alhazanmu ƴan kasuwa su buɗe kunne, domin kayan nan kashi uku ne, kowane da hukuncinsa.

Kashi na farko shi ne haƙori, wanda ba a wasa da shi. Bakinsa na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ake kira karbaid, maƙera ba ta narka shi, dutsen wasa wuƙa ba ya cin sa, sai dutse mai garin lu'ulu'u. Kuma ko an wasa shi, in aka yawaita sai ya rage girma, ramin ya fito a matse. Haƙorin banza da ya kauce da rabin milimita ya isa ya ɓata aikin mako guda: ko harshe ya yi lako-lako a rami, ko a buga shi da ƙarfi katako ya tsage. Araha ba ta ado. Wanda zai yi odar inji, ya haɗa da haƙora biyu-biyu na kowane girma, daga kamfanin da ke da suna da adireshi. Ya haɗa kuma da injin zuƙar garin katako, don ramin rufaffe ne, in garin bai fita ba haƙori yana yin zafi ya dakushe da wuri.

Kashi na biyu shi ne farantai da madogarai. Waɗannan ba su da wani asiri, ƙarfe ne ko katako da aka yanka daidai awo aka huda. Mai sayensu daga waje ya kula da tarko guda: Amurka da inci take awo, mu da milimita. Farantin da aka yi wa katako mai kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19, ba zai sa rami a tsakiyar falankin milimita 18 ba. Haka injin da aka yi wa Amurka wutar bolt 120 yake sha, tamu kuwa 220 ce, in aka jona shi kai tsaye sai hayaƙi. Sauran madogaran kuwa, masu walda da masu injin gyaran ƙarfe da ke garin nan, waɗanda ke tayar da tsofaffin motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka manta da su, za su iya yin su in aka ba su samfur da ma'auni na ƙwarai.

Kashi na uku shi ne harshen kansa, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Kamfanin yana yin sa da itace iri biyu. Na cikin ɗaki da wani itacen Turai ake yi. Na waje, wanda zai sha rana da ruwa, da itacen sipo ake yi, sipo kuwa itacen Afirka ne, daga dazuzzukan Kodebuwa, Kamaru da Kwango, dangin maɗacin nan namu. A sare shi a Afirka, a kai Turai, a yanka shi guntu-guntu kamar yatsa, sannan mu biya jirgi da duwan mu dawo da shi. Alhali kafinta zai iya gyara doguwar sanda daga ragowar jan katakon da ke zube a shagonsa, ya kankare ta daidai kaurin haƙori, ya zagaye gefenta, ya ɗan ja mata layuka don gam ya samu hanya, ya yanka. Sharaɗi biyu ne kawai. Jijiyar itacen ta bi tsawon harshen, kuma itacen ya bushe sarai. Katakonmu daga kudu yake zuwa da danshinsa, in hunturu ya busa sai ya tsuke. Harshen da aka yanka daga ɗanyen katako da damina, kafin watan Janairu ya fita ya saki. Shi ya sa mai hankali yake yanka harsunansa da rani ya ajiye. Abin da doka ta hana shi ne ka buga sunan kamfanin wani a kan naka ka sayar, ƙasarmu kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa don kare irin wannan haƙƙi. Ka sa sunanka, ka tsaya a kan aikinka.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, yana samun bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus, amma albarushi a gida ake haɗa shi, har igwa maƙeran birnin nan suka zuba masa. Bindigar da albarushinta yake bayan Sahara, ranar yaƙi sanda ce. Mu ma mun sha wannan darasi a zamaninmu. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyaran da ke zuwa daga waje suka ninka a dare ɗaya, injuna da yawa a ma'aikatu suka kwanta saboda ƙaramin abu. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu har zuwa Maris na 2024. Duk mai shagon da ya ga waɗannan watanni ya san bambancin kayan aikin da ke jiran jirgi da wanda ake gyarawa a bayan gida. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji Hausawa. Shi ya sa kuma ban ce a jefar da kurfi da guduma ba: yaron da bai iya fafe rami da hannu ba, ranar da aka ɗauke wuta ya zama ɗan kallo.

Saura ku, ma'aikatan gwamnati, masu rubuta takardun kwangila da masu sa hannu a karɓi kaya. In za a ba da aikin teburan lakkwal ko kujerun asibiti, takarda takan faɗi tsawo da faɗi da launin fenti, ta yi shiru a kan mahaɗa, alhali nan ne ran tebur yake. Ku rubuta ƙarara cewa ƙafa da giciye za a haɗa su da rami da harshe da gam, na hannu ne ko na inji. Ranar karɓa, a zaɓi tebur ɗaya cikin tarin a kwance shi gaban kowa a gani. Ɗan kwangilar da ya san za a kwance ba zai buga ƙusa uku ya rufe da fenti ba. Haka in wata cibiyar koyon sana'a ko wani shirin taimako zai sayi irin wannan inji, kada a sa hannu sai an ga layin haƙora, layin injin zuƙar gari, da sunan wanda zai kawo wasu in waɗannan sun ƙare. Kowa cikinmu ya san ɗakin ajiya a wata ma'aikata inda sabon inji ke kwance cikin ledarsa, ƙura ta rufe, don an rasa abin da bai kai kuɗin rago ba.

Shi kuwa yaron da na ba ku labari, haƙoransa sun iso bayan wata huɗu, a aljihun wani mai dawowa gida. Na same shi yana yanka harsuna daga guntayen jan katako yana tarawa a tsohon gwangwanin madara. Na roƙe shi ya je lakkwal ɗin nan ya duba tarin teburan da ke bayan aji, ya faɗa wa iyayen yara abin da gyaransu zai ci. Ya ce katakon yana da kyau, yawancinsu za su tashi. In an yi, zan ba ku labari.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.