A Bar Wa Mai Wa'azi Bakinsa: Ra'ayi Kan Rubuta Nassi a Wa'azin Kirista na Hausa

A lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na biyu, na ɗauki wa'azin ranar Lahadi a wasu majami'un da ake yin sujada da Hausa a Jos da kewayenta. Da aikin juya maganar zuwa rubutu ya yi mini yawa, sai na raba shi da wani bawan Allah mai kyakkyawan hannu, wanda kuma ya san Littafi Mai Tsarki ciki da waje. Rubutunsa ya fi nawa tsafta nesa ba kusa ba. Sai da na sake sauraren muryoyin ina bin rubutun layi-layi, sannan na gane dalili: duk inda mai wa'azi ya jawo aya, mutumin nan yakan tsayar da na'ura, ya buɗe littafin, ya kwafe ayar yadda take a buge. Girmamawa ce ta sa shi, kuma ban ga laifinsa ba, domin ban ba shi wata ƙa'ida da zai bi ba. Ni ma ban sami wadda zan bi ba.

Ra'ayina a nan shi ne, duk mai juya wa'azi zuwa rubutu don nazari ya rubuta abin da bakin mai wa'azi ya furta, ko ya dace da bugaggen nassi ko ya saɓa masa, sannan ya kawo madogarar ayar daban, tare da bayyana fassarar da ya auna maganar da ita. Magana ce mai sauƙin faɗa, amma tana da ƙaya wajen aikatawa.

Manazarcin da ya saba da tafsirin watan azumi zai iya ɗauka cewa matsalar ƙarama ce. A tafsiri iyaka a fili take: mai jan baƙi ya karanta da Larabci, malam ya fassara ya yi sharhi da Hausa. Harshen kansa ya raba nassi da bayani. A wa'azin majami'ar Hausa kuwa, nassi Hausa ne, sharhi ma Hausa ne, kuma sau da yawa baki ɗaya ne ke furta su a numfashi guda. Wani lokaci fasto zai duƙa ya karanta daga shafi. Wani lokaci zai ɗaga kai ya jawo ayar da ka, ya rage nan ya ƙara can. Akwai kuma inda ba zai ambaci sura ko aya ba sam, kalma biyu kawai zai gutsuro ya saka cikin jimlarsa, jama'a su amsa da "Amin" domin sun gane inda ya dosa. Idan aka zuba duka ukun cikin alamar zancen wani iri ɗaya, an ɓatar da bambancin da mai nazarin salo ya zo nema.

Sai kuma tambayar da aka fi tsallakewa: wane Littafi Mai Tsarki? Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, ɗan mishan ɗin nan na Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinta. Bayanta aka sami fassarar da ake kira ta 1979, sannan wasu sababbi suka biyo baya, irin su Sabon Rai Don Kowa, waɗanda yau matasa ke karantawa a wayar hannu. Ko sunayen littattafan ba ɗaya ba ne. Abin da tsohuwar fassara ta kira Matta, ta 1979 ta kira shi Matiyu. Yohanna ya koma Yahaya, Misalai ya koma Karin Magana, Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya. Saboda haka, dattijon da ya hau mumbari ya ce "mu buɗe Misalai" ya riga ya gaya wa mai nazari littafin da ya yi hadda da shi, wataƙila har da zamanin da ya shiga makarantar Lahadi. Wanda ya gyara masa zuwa "Karin Magana" don rubutu ya daidaita, ya share wannan shaida da hannunsa.

Akwai abin da ya fi wannan. Na sha ganin mai wa'azi riƙe da littafin Ingilishi, yana karantawa da ido yana fassarawa da baki nan take. Hausar da ke fitowa daga bakinsa ba ta cikin kowane bugu; tasa ce, ta wannan safiya. Kuma da yawa daga cikin masu wa'azi a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, Hausa harshensu na biyu ne ko na uku. Za a ji "ya" a inda Daidaitacciyar Hausa ke buƙatar "ta", a ji "k" a gurbin "ƙ", a ji kalmomin da suka daɗe da zama na majami'a, irin su ikilisiya da baftisma da bishara, suna cuɗanya da na kasuwa. Muna yawan kokawa kan ƙarancin rubutattun bayanai game da Hausar waɗanda ba Hausawa ba. To ga ta nan ana zuba ta kowace Lahadi, tsawon minti arba'in ko fiye, a bainar jama'a, mu kuma muna goge mafi daɗin ɓangarenta da sunan gyara.

Ban raina hujjar masu ganin akasin haka ba. Ga mai bi, nassi Maganar Allah ce, kuma buga ta a karkace ba ƙaramin abu ba ne. Misalin da kowa ya sani shi ne na 1 Timoti 6:10, inda masu wa'azi kan ɗora laifi a kan kuɗi kansu, alhali son kuɗi ayar ta zarga. Na kuma taɓa jin an ce "Littafi ya ce", sai aka biyo da zancen nan na Hausawa, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, wanda ba aya ba ne a kowace fassara. Idan majami'a za ta buga wa'azin limaminta don amfanin masu bi, tana da cikakken haƙƙin ta gyara, shi ma ya duba ya amince. Wannan gyararren wa'azi ne, kuma a rubuta hakan a goshinsa. Rubutun manazarci kuwa shaida ce ta abin da ya faru. Shigar karin maganar Hausa cikin rigar nassi ma ai batu ne na maƙala sukutum, kuma ba za a taɓa rubuta ta ba idan mai juya magana ya riga ya cire misalan.

Abin da nake bi yanzu shi ne wannan. Inda aka karanta daga shafi, nakan ware ayar a layinta, in tura ta ciki kaɗan, amma da kalmomin da aka furta. Inda aka jawo da ka, nakan bar ta cikin jimla da alamar zancen wani. Madogara kuwa tana zuwa cikin baka biyu masu kusurwa, alamar cewa ni na saka, misali [Yahaya 3:16, 1979], kuma idan furucin ya saɓa wa bugun, sai in ƙara kalmar "duba" a gaba, in yi bayani a ƙasan shafi. Idan mai wa'azi ne ya ambaci sura da aya da bakinsa, nakan rubuta su da kalmomi yadda ya faɗa, domin wasu da Ingilishi suke kiran lambobin a tsakiyar Hausa, wannan ma abin lura ne. Ba na taƙaita sunayen littattafai. "Yah." na iya zama Yahaya ko Yahuza, "Mai." na iya zama Mai Hadishi ko Maimaitawar Shari'a, 'yan haruffan da za a tsimi ba su kai ruɗanin ba.

Su kansu lambobin ba a saukar da su tare da nassi ba. Ana danganta rabon surori ga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Har yau bugu-bugu ba su gama haɗuwa ba: Yowel 2:28 a wani tsari ita ce 3:1 a tsarin Ibrananci, Zabura ta 23 kuma ita ce ta 22 a tsohon ƙidayar Latin. Abokan aikinmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sukan raba sura da aya da waƙafi ko ɗigo a inda mu ke sa ruwa biyu. Wannan ya ishe mu dalilin ambaton fassara a kowace madogara. Tsarin APA ma, wanda sassanmu da yawa ke bi, a bugunsa na bakwai ya koma buƙatar a saka littattafan addini cikin manazarta tare da bugun da aka yi amfani da shi, saɓanin na shida.

Inda har yanzu nake kai-kawo shi ne ishara, wato gutsuren nassin da ba a ambaci tushensa ba. Duk madogarar da na saka a irin wannan wuri, fahimtata ce na ɗora wa mai wa'azi, kuma abu ɗaya yakan zo a Matiyu da Markus da Luka. A yanzu nakan sa alamar tambaya cikin bakan, in kuma koma wurin mai wa'azin in tambaye shi idan hali ya yi. Sau biyu na yi haka aka ba ni ayar da ban yi zato ba. Da editocin mujallunmu za su ƙara ko da rabin shafi kan wannan batu a cikin ƙa'idojin da suke ba marubuta, da ɗalibin da zai zo bayana bai sake juya wa'azin wata uku daga farko ba, kamar yadda na yi.