SHAWARAR WATA: A KAMA NAMAN DAJI DA HOTO

Tsofaffin ƙasar Gure sun san lokacin da barewa ke kiwo kusa da garken awaki, jimina kuma tana yawo a gindin duwatsun Kutus. Farauta da fari sun rage su ƙwarai. A Kelle sai da aka kafa gidan kiwon jimina mai jan wuya don kada irinta ya ɓace. A shekarar 2012 gwamnati ta keɓe Termit da Tin Tumma, inda mena ta saura, suka zama gandun daji.

Hoto yana da amfani a wannan aiki. A 2010, na'urar hoto da masu bincike suka ɗana a Termit ta ɗauki rabbi, dabba mai kama da damisa, wanda ba safai ake ganinsa ba. Makiyayi mai salula ya fi kowa sanin daji. Shi ma yana iya taimakawa. Ga yadda zai yi.

Na ɗaya, lokaci. Ya fita da sassafe ko da la'asar. Sa'an nan dabbobi ke kiwo, haske kuma ba ya da zafi. Da tsakar rana suna laɓe a inuwa.

Na biyu, rana ta kasance a bayansa. In ya fuskance ta, dabbar za ta fito baƙa ƙirin.

Na uku, iska ta riƙa bugun fuskarsa. In ta bi bayansa, za ta kai wa barewa warinsa, ta gudu.

Na huɗu, ya sa tufa mai launin ƙasa. Farar riga tana tona asiri tun daga nesa. Ya durƙusa bayan sabara ko tudun rairayi, ya yi shiru. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Na biyar, ya goge idon salula da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu tana dushe hoto. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya manna gwiwar hannu a ƙirji. Kada ya jawo hoto da yawa, sai ya lalace. Ya ɗauki uku ko huɗu, ya zaɓi mai kyau.

Akwai abin kiyayewa. Ba a korar barewa da babur don neman hoto. Gudun wahala yana iya kashe ta. Ba a taɓa ƙwan tuji ko ɗan barewa da aka tarar a kwance, uwar tana kusa.

Wanda ya sami hoto ya riƙe rana da wurin, ya nuna wa ma'aikatan gandun daji. Kada ya faɗa wa baƙon mafarauci wurin. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe irin su mena da jimina.

Harsashi ɗaya yana ƙarar da barewa. Hotonta kuwa, har jikoki za su gani.