Ba a Rushe Rumbu da Hatsi a Ciki

Da kai nake, ƙanena mai shagon kwamfuta, kai da ka yi karatu a Kazaure, ko a kwalejin Hussaini Adamu ko a cibiyar Informatics, ka dawo Gwiwa ka kafa saba a lungun ɗaki. Ka ɗora mata Proxmox, ka tsaga ta gida uku ko huɗu, kowane gida kwamfuta ce mai zaman kanta a cikin ƙarfe guda: wannan ta sakamakon jarrabawar wata makaranta, waccan ta lissafin mai kemis, ɗayar ta hotunan biki da takardun gonaki. Ka yi ƙoƙari, na yaba. Gangancin da kake yi ranar da faifai ya cika shi ne ba zan yi shiru a kansa ba.

Sai ka je Kano ka sayo sabon faifai mai terabait 2, ka dawo da dare a gajiye, ka kwance injin, ka hau rabe-rabe da haɗe-haɗe, alhali babu kwafi ko ɗaya a waje. Na ga wanda ya yi haka. Washegari shugaban makaranta na tsaye bakin shago yana neman sakamakon ɗalibai na shekara uku, shi kuwa yana sunkuyar da kai yana cewa ƙaddara ce. Komai da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci. Kayan nan amanar mutane ne, ba naka ba.

Tambayi Baba a gida. In zai gyara rumbu, yakan kwashe geron ya kai wani wuri tukuna, iri kuma daban yake ɓoye shi. Kai da ka yi boko ka kasa wannan?

Za ka ce ka ɗauki sinafshot. Sinafshot yana zaune ne a kan faifan da kake shirin yankawa. Faifan ya tafi, ya tafi da shi. Amfaninsa ya mayar da kai baya in sabuwar manhaja ta yi ɓarna, iyakarsa ke nan. Za ka ce kana da RAID. In mai tagwaye ne, abin da ka goge a ɗaya nan take ya gogu a ɗan'uwansa, domin kwaikwayo kawai ya iya. In kuwa RAID 0 ne, wanda ke daddatsa bayani tsakanin faifai biyu don sauri, ɗaya ya mutu duka sun mutu. Kuma ka tuna ƙananan kwamfutocin nan 'yan haya ne a gida ɗaya: kowace faifanta fayil ne ko yanki a kan babban faifai. Kuskure ɗaya a ƙasa, duk gidan ya rufta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne suna. Faifan da Linux ta kira sda jiya, yana iya zama sdb yau da ka saka sabo. Ka buga umarnin fomatin da sunan jiya, ka share na mutane, ka bar wanda babu komai a ciki. Kowane faifai yana da lamba a jikinsa da ba ta canzawa. Rubuta ta a takarda, ka gwada da abin da allo ya nuna kafin ka taɓa komai. Faɗaɗa yanki yana da sauƙi, ragewa ce mai haɗari: sai ka fara rage tsarin fayilolin da ke ciki kafin bangon waje, wani tsarin ma, irin XFS, ba a rage shi haka kawai. Sannan ka san wutarmu. Ta ɗauke ana tsakiyar kwashe bayanai, ba inbata, ba mai a janareta, me kake tsammani?

Kada ka ce ƙwararre ne kai. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na bayanai saboda ya ɗauka a kan wata saba yake, ashe a kan babbar yake. Hanyoyin ajiya biyar suke da su, aka duba babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, abin da ya shiga cikin awannin nan kuwa ya salwanta.

Saboda haka kafin ka kwance ko noti ɗaya, kashe ƙananan kwamfutocin, ka kwashe kowace cikakkiya zuwa faifan waje. Ka dawo da ɗaya daga kwafin ka kunna ta, ka buɗe fayil ka gani da idonka, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. Ka zare faifan wajen, ka kai shi wani gida, ko Roni ne wajen yayarka. Tsohon faifan kuma kada ka goge shi ranar. Ajiye shi a aljihun tebur mako biyu, har sai mai kemis da shugaban makaranta sun zo sun duba kayansu sun ce sun cika.