Tsoho a Fim Ba Ya Mutuwa Sai Za a Raba Gado



Akwai wata fitowa da masu shirya fina-finan Hausa suka haddace kamar karatun allo. Alhaji na kwance bisa wani makeken gado, cikin farar shadda mai guga, ko gumi babu a goshinsa. Zai yi tari sau biyu, ya tara 'ya'yansa, ya ce su riƙe zumunci, sai wuya ya karkace. Likita ya cire tabarau ya girgiza kai. Nan take Hajiya ta kurma ihu, ta yar da ɗankwali, ta faɗi tana birgima, a sako wani kiɗa mai kama da na Indiya. Kafin ka ƙifta ido an nuno ƙanin mamaci yana ɓoye takardun gida a aljihun babbar riga. Shi ke nan, an gama da tsoho. Minti uku aka ba shi ya mutu, sauran sati ashirin na shirin kuma rigimar dukiyarsa ce.

Ina da ja a kan wannan, kuma ja mai ƙarfi. Tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 zuwa yau, shekara talatin da 'yan kai ke nan ana wannan sana'a. An tashi daga kaset an koma faifai, daga faifai an koma Arewa24 da YouTube, har fim ya shige aljihun kowane yaro a Keffi. An ƙware a hoto, an ƙware a sauti. Amma mutuwar dattijo, wadda babu gidan da ba ta shiga, har gobe a gurguje ake nuna ta, kuma a karkace. Ƙorafina uku ne.

Na farko, an share jinya. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin tarayya na nan Keffi yana jiran uwarsa ko ubansa ya san tsofaffinmu ba da tari biyu suke tafiya ba. Hawan jini ne, ciwon suga ne, shanyewar ɓarin jiki ce da kan ajiye mutum shekara biyu ko uku a kan tabarma. Sai an ɗaga shi, an juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, an kai masa fo, an wanke masa zane, an ba shi kunu da cokali yana furzarwa. Wani tsufa kan ruɗe shi har ya kira 'yarsa da sunan uwarsa da ta rasu tun ana kashe sule da sisi. A wannan ɗaki ake gane ɗan halak. A nan ake ganin surukar da ta fi ɗiyar ciki, da ɗan da ke Abuja wanda sai dai ya turo kuɗi ta waya ya ce aiki ya riƙe shi, alhali tsakanin Keffi da Abuja tafiyar awa guda ce in ba cunkoson Mararaba ba. Wane labari ne ya fi wannan taɓa zuciya? Amma mai fim ba ya so, don babu kwalliya a ciki, babu mota, babu waƙa.

Na biyu, kukan da ake koya wa 'ya'yanmu. Addini bai hana hawaye ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yage tufa, da maganganun da ke nuna an ƙi hukuncin Ubangiji. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin abin da ake yi wa mai gargarar mutuwa, da wanka, da likkafani, da binnewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya ware wa jana'iza babi a Ihya'us Sunna, yana rarrabe sunna da abin da mutane suka ƙirƙira. To a fim fa? Ba kasafai za ka ga an laƙƙana wa majinyaci kalmar shahada ba. Ba za ka ga an rufe masa ido an ɗaure masa haɓa ba. Maƙwabta ba sa shigowa da abinci, alhali Annabi da kansa ya umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da labarin shahadarsa a yaƙin Mu'uta ya iso Madina. Takaba, wata huɗu da kwana goma da aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa matar mamaci, a fim fitowa ɗaya ce: yau tana cikin hijabi tana sharɓe, fitowa ta gaba ta ci ado wani Alhajin na zance a ƙofar gida.

Na uku, rabon gadon da suka fi so ɗin ma ba su iya shi ba. Sau nawa muka ga lauya ya shigo da jaka, ya buɗe takarda, ya karanta cewa marigayi ya bar wa ɗansa guda komai? Wannan a wace shari'ar? Yaron da ya yi aji uku a Islamiyya ya san tsarin. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sannan a biya bashi, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji. Abin da ya rage shi ake rabawa yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Mata na da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, in mamaci ya bar ɗa ko 'ya. In bai bari ba, tana da ɗaya cikin huɗu. Kuma mu 'yan kasuwa mun san abin da ya fi tayar da hankali bayan rasuwar ɗan kasuwa: bashi. Kayan da ya karɓo daga Kantin Kwari ko Singa a kan amana, babu rubutu, sai shi da mai kaya da Allah. Ɗan da zai sayar da babur ɗinsa don ya sauke wa mahaifinsa wannan nauyi, shi ne jarumin da nake jiran in gani a fim.

Wani zai ce, haba Malam, ai wasa ne, nishaɗi ne, wa ya ce fim makaranta ce? To ai su da bakinsu suke cewa suna faɗakarwa, suna tarbiyya. Mu riƙe su a kan maganarsu. Kuma abin da ido ya saba gani shi jiki kan kwaikwaya. Ana kirana wankan gawa da sallar jana'iza a unguwar nan, kuma abin da nake gani a 'yan shekarun nan bai yi mini daɗi ba. Ana saka dattijo a kushewarsa, jikokinsa sun zagaye ramin da wayoyi a sama suna ɗauka. Kafin a dawo daga maƙabarta hoton makara ya hau WhatsApp da wani kiɗa mai ban tausayi a ƙarƙashi, wani lokaci tun 'yarsa da ke aure a Katsina ba ta samu labari ba, sai dai ta gani a waya. Na ga samari masu digiri daga jami'ar jiha da ke garin nan sun tsaya a sahu suna satar kallon na kusa da su, don ba su san kabbara huɗu ce ba, babu ruku'u babu sujada. Ban ce fim kaɗai ya jawo wannan ba. Amma yaron da ya kalli mutuwar ƙarya sau ɗari kafin ya ga ta gaske sau ɗaya, da wacce kuke zaton zai yi koyi?

Wani kuma daga ɗaya gefen zai ce, to ka ga, dama fim ɗin gaba ɗaya ɓata ne, a hana kawai. Shi ma ban bi shi ba. Hanin ba zai yiwu ba, tunda abin yana cikin waya, wayar kuma tana ƙarƙashin matashin kai. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, ta yi ta fama da rawa da sutura, amma ikonta bai ƙetare Kano ba, balle ya iso Nasarawa. Ban da haka, mu ba baƙin nuna alhini cikin fasaha ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, kuma babu wanda ya ce ta saɓa. A fim ma an taɓa yin abin kirki. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɗauko uwar da aka sace wa ɗa, ta bi sawunsa ta sha bauta da wahalar sahara. Ko Indiyawan da ake kwaikwayo sun yi Baghban a 2003, inda Amitabh Bachchan ya fito a uban da 'ya'yansa suka raba shi da matarsa bayan ya yi ritaya, kowa na ƙyashin riƙe su. Mun ɗauko rawarsu mun bar wannan. Gidan Badamasi ya yi ƙoƙari da ya sa tsoho a tsakiyar labari ya kuma yi wa 'ya'ya masu kwaɗayi dariya, sai dai shi ma dukiyar ce ginshiƙinsa. Talakan tsoho, wanda bai bar komai ba sai buta da carbi da kyakkyawan suna, har yau ba a ga ya cancanci labari ba.

Kuma ba abin mamaki ba ne, in aka dubi yadda masana'antar ke yi da nata tsofaffin. A 2022 Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim, bayan shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa. Wasu manyan masana'antar sun musanta, an yi ta cacar baki. Karkuzu na Bodara, wanda ya sa iyayenmu dariya a talabijin, ya makance a ƙarshen rayuwarsa a Jos har ya fito neman taimako, sai ɗan ƙwallo Ahmed Musa ne ya saya masa gida. Kasimu Yero ya tafi a 2017, Samanja a 2023, Daso a 2024. Allah ya jiƙansu. Labarin da ake nema yana cikin gidansu, ba su duba ba.

Mu da muke zaune a nan abin ya fi shafarmu. Iyayenmu da kakanninmu fatauci da neman abinci suka kawo su Keffi, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, wasu daga Sakkwato, wasu daga Damagaram. Da yawansu a nan ƙasa ta rufe musu ido, nesa da garin da aka yanke musu cibiya. A gida, in tsoho ya kwanta, akwai gwaggo da inna da baffa da ke karɓa-karɓa. A nan dangin mutum su ne maƙwabtansa da 'yan sahun masallacinsu. In yaranmu suka tashi ba su san jinya ba, ba su san wanka da likkafani ba, sai kuka irin na fim, to wa zai tsaya a kanmu ranar da muka kwanta? Masu wankan gawa a unguwar nan a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, kuma duk sun yi furfura.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai fim ɗan kasuwa ne kamar ni, abin da ake saye shi yake kawowa. Don haka ga abin da nake roƙo. Malaman Islamiyyarmu su ware darasi a kan hukuncin jana'iza, a koyar a aikace, maza daban mata daban. Matasan da suka balaga su riƙa tsayawa ana wanka tare da manya don su koya. A maƙabarta kowa ya mayar da wayarsa aljihu, kuma kada a sa hoton mamaci ko sanarwa sai an tabbatar makusantansa sun ji daga bakin mutum. Iyaye mata, in kuna kallo da yara aka zo wurin birgima da yar da ɗankwali, ku buɗe baki ku ce musu ba haka ake yi ba. Wanda ke da tsoho a gida ya sa jikoki su riƙa kai masa abinci da ruwan alwala da hannunsu. Ku kuma samarinmu masu ɗaukar gajerun bidiyo kuna sawa a TikTok, ga aiki: ku je ku zauna da dattawan unguwa tun suna da rai, da izininsu, ku ɗauki labarin yadda suka zo garin nan da abin da suka tarar. Ya fi hoton makararsu amfani.

Ga masu shirya fim, in wannan takarda ta kai gare ku, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin ku kashe Alhaji na gaba, ku tambayi malami, ku tambayi ma'aikaciyar jinya, ku tambayi matar da ta yi takaba. Ku ba shi kwanakinsa na ciwo, ku ba iyalinsa haƙurinsu da gajiyarsu, ku binne shi yadda ake binne Musulmi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, mu kuma ya sa mu cika da imani.