MAƘALAR MAKO: Wa ya riƙe gonar Peter Cartwright?

Yau za mu leƙa Amurka ta shekaru 200 da suka wuce, lokacin da yammacin ƙasar daji ne, Turawa na ta sare shi suna kafa ƙauyuka.

An haifi Peter Cartwright a jihar Virginia a 1785. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa Kentucky, yankin da ɓarayi da masu gudun shari'a suka mayar mafaka. Ya tashi da caca da sukuwar doki, har ya tuba a 1801. Bai kai shekara 20 ba ya zama mai wa'azin cocin Methodist, irin waɗanda ke yawo a kan doki ƙauye-ƙauye, su yi makonni ba su ga gida ba. Albashin irinsu a lokacin dala 80 ne a shekara, shi ma sau da yawa ba ya cika. Abincin gidansa daga gona yake fitowa.

A 1824 ya kwashe iyalinsa zuwa Illinois, jihar da ta haramta bauta. Ya ce yana so 'ya'yansa su tashi inda aikin hannu ba abin kunya ba ne, kuma ba ya so 'ya'yansa mata su auri masu bayi. A hanya suka yada zango a gindin wata bishiya, ta faɗo ta kashe 'yarsu Cynthia. Haka suka binne ta suka ci gaba da tafiya.

A ganinmu gonar ce ta ba shi bakin magana. Wanda tuwonsa ke hannun attajirai masu bayi, da wuya ya dube su ya ce sana'arsu zunubi ce. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya.

Ba waliyyi muke mayar da shi ba. Ya ƙi bauta, amma ya riƙa sukar masu fafutukar a soke ta nan take. Da ya yi takarar majalisar tarayya da Abraham Lincoln a 1846, an yi ta yaɗa cewa Lincoln ba mai addini ba ne, kuma duk da haka Cartwright ya sha kaye.

To amma ga abin da ya tsaya mana a rai. Mutumin da ke kwana a hanya, wa ke masa shuka da girbi? Damina ba ta jiran mai gona ya dawo. Ya auri Frances Gaines a 1808, suka haifi 'ya'ya 9, suka zauna shekara 64 har ya rasu a 1872. Littafin tarihin rayuwarsa na 1856 cike yake da wa'azi da muhawara da faɗa da 'yan iska. Wadda ta tsare gida da yara yana can, kaɗan aka ji labarinta.

Wani zai ce ai aikinsa ne ya shahara, dole shi za a rubuta. Mun yarda. Sai dai aikin ba zai yiwu ba da babu mai tsaron gida, don haka labarin da ya bar ta rabi ne.

Mu ma haka muke. Da yawanmu mun san sunan kakanmu malami ko fasto, da garin da ya baro. Amma sunan matar da ta yi sussuka da daka har ya samu sukunin karantarwa fa? Tsofaffin da suka sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan makon kowa ya samu tsohuwar gidansu ya tambaye ta, ya rubuta ya ajiye. Wanda ya samo, ya kawo mana mu ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.